Ranar Da Rauta Ta Faɗi Sau Arba'in

Ƙarfe tara da 'yan mintoci babbar rautar kamfanin ta faɗi karo na farko. Ita ce na'urar da ke rarraba intanet ga gidaje dubu biyu, kuma shekara shida ke nan Injiniya na kula da ita. Ta tashe ta. Minti uku ta yi a tsaye, ta sake kifewa.

Manaja ya faɗo ɗakin na'urori yana zufa duk da sanyin da ke ciki. Shi dai ya riga ya yanke hukunci, sabon kamfanin da ya buɗe a bakin titi ne ke yi musu zagon ƙasa. Hankalin Injiniya kuwa na wurin Baba, mahaifinta. Tun da hawan jini ya kayar da shi bara ta rataya masa wani ɗan maɓalli a wuya, in ya danna saƙo ya iso wayarta ta intanet ɗin gidansa. Tsohon ya ƙi komawa wurinta, wai shi ba kaya ba ne da za a ɗauka a ajiye. Muddin rautar nan na ƙasa, maɓallin ba shi da wani amfani.

Ta kira shi sau biyu bai ɗaga ba. Ba sabon abu ba ne, kullum wayarsa na ƙarƙashin filo, shi yana baranda da rediyonsa.

Sai wajen sha ɗaya ta gano bakin zaren. Ba ambaliyar saƙonni ba ce irin wadda aka saba gani. Ɗan ƙaramin saƙo ne mai karkataccen tsari, daga adireshin intanet guda. Tsohuwar manhajar rautar na da rauni, da ta karanta irinsa sai ta ruɗe ta mutu, da ta farfaɗo kuma a sake turo mata shi. Masu ƙera ta sun fitar da gyaran tun wata huɗu da suka wuce. Injiniya ta yi ta ɗagawa, don sa shi na nufin yanke wa mutane layi na rabin awa, Manaja kuwa ba ya son ƙorafi.

Adireshin na cikin jerin kwastomominsu ne. Manaja ya buga tebur, ya ce ai dama, layi suka saya don su cuce mu daga ciki.

"Ko wane ne kai, Allah ya isa," in ji Injiniya, ta toshe shi. Haka ake yi a sana'ar, a rufe ƙofa tukuna, a nemi sanin mai bugawa daga baya.

Rauta ta tsaya daram. Ta sa gyaran, ta taƙaita yawan saƙon da kowane adireshi zai iya turowa. Ta duba wayarta, babu komai daga Baba. Ta yi ajiyar zuciya, har ta iya cin abinci.

Da la'asar maƙwabciyar Baba ta kira. Sun same shi kwance a ƙofar banɗaki, gefe ɗaya na jikinsa ya saki. Likita ya ce da an kawo shi da safe, da sauran magana. Bai kai magariba ba.

Ta yi kuka, kuma cikin kukan akwai fushi, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Sau nawa ta zaunar da shi tana nuna masa yadda ake dannawa? Da gwaggonta ta zo rarrashi, Injiniya ta ce mata cikin shessheƙa, "Gwaggo, abin yana wuyansa fa. Taurin kai ne kawai, bai so ya dame ni."

Bayan mako guda ta koma aiki, idanunta a kumbure. Manaja ya yi mata ta'aziyya, sannan a hankali ya tuna mata lauyan kamfani na jiran sunan mai layin da ta toshe. Ta zauna ta buɗe rajistar kwastomomi, ta shigar da adireshin ba tare da ta damu da abin da zai fito ba.

Sunanta ne ya fito, a kan layin da ta ja wa Baba da hannunta. Ashe maɓallin wuyansa ne ke turo karkataccen saƙon nan. Sau arba'in ya kira ta a safiyar nan, kafin ta toshe shi.