Makahon Cikin Hazo

Ƙahon wani jirgin ruwa ya sake kuka, wannan karon dab da goshin jirginsu na kamun kifi. Hazo ya rufe mashigar tashar jiragen ruwa ta Busan ruf. Matuƙin ya san doka: a rage gudu, a busa ƙaho, kada a karkata hagu. Ya bi ta tsaf, masuntansa sun ƙanƙame igiya kowa na kiran uwarsa.

Ɗaya jirgin ya wuce ta gefensu, saura ƙiris su gogu. Da matuƙin ya ga sun tsira, sai tsoro ya koma masifa. Ya fizgi lasifika.

"Kai, wane makaho ne wannan? A kasuwar kifi ka sayi lasisi? Koma gida ka yi renon jikoki!"

Can iska ta yaye hazon. Wanda ke riƙe da sitiyarin ɗaya jirgin ba kowa ba ne face mahaifin yarinyar da zai je neman aurenta gobe.

Matuƙin ya rusuna har goshinsa ya bugi lasifikar. "Baba... an tashi lafiya?"

Tsohon ya ɗaga tasa lasifikar a hankali.

"Jikokin da ka ce in rena, ka zo gobe mu ji ta inda za su fito."