Mahaifa a Kan Tire

Minti goma aka ba Auta a jarrabawar likitancin dabbobi, huɗu sun riga sun tafi.

Mahaifar saniya ce a kan tire, an kawo ta daga mayanka da safen nan, ko gama hucewa ba ta yi ba. Farfesa yana tsaye a kan Auta da biro. Mutumin nan ya kayar da ita bara, in ya sake yau an kore ta ke nan. Ga Baba kuwa har ya daina kiran likitan dabbobi. "Likitar gidanmu," yake ce mata, abin da ta faɗa a kan shanunsa shi ake yi.

"Yanka mana," in ji Farfesa. "Ko jira kike ta gaishe ki?"

Ta tsaga ɓangaren dama. Bangon ciki ya yi kauri, ƙananan ƙofofin da ke jikinsa suna tsatso wani ruwa fari kamar madara.

"Mene ne wannan?"

"Abincin ɗan tayi ne, ranka ya daɗe. Shi yake sha kafin mabiyiya ta kama sosai."

"Waɗannan ƙulle-ƙullen fa?"

"Nan mabiyiya take maƙalewa ta jawo abinci daga jinin uwa. Sun fara girma, saniyar tana da ciki."

"Nuna min."

Ta ƙara yanka. Sai ga ɗan tayin a cikin jakar ruwa, bai fi ɓera ba, har da 'yan kofatai.

"Wata biyu," in ji ta.

Farfesa ya yi rubutu. "Kin ci." Daɗi ya kusa kayar da ita. Shi kuwa ya tsura wa ɗan tayin ido, ya ja tsaki.

"Mahauci ya ce mai ita ya rantse an duba ta, juya ce. Wani gwani ya zura hannu da gaggawa, ya kashe biyu. Rubuta lambarta a takardarki."

Lambar kunnen saniyar tana ɗaure a gefen tire. Auta ta juya ta tana murmushi, sai murmushin ya tsaya.

Rubutun hannunta ne, lambar da ta maƙala a kunnen jar saniyar da ta duba makon jiya, ta ce wa Baba ya rabu da ita, ba za ta taɓa haihuwa ba.