Muryar da ke Cikin Waya

Ɗan'uwa, tunda ka ce za ka hana Hausa a ɗakinka, tsaya ka ji misalin wani mai tsinkar tumatir a ƙasar Italiya. Matarsa ta rasu a can, ta bar masa 'yar fari, yarinyar da ba ta daɗe da iya magana ba. Ita marigayiyar mai kunyar ɗan fari ce. Ko a baƙuwar ƙasa ba ta taɓa kama sunan 'yar ba, sai dai "ke" ko "waccan". Amma da ciwo ya ci ƙarfinta a asibiti, ta karɓi wayarsa, ta juya fuska bango, ta yi wa 'yar magana mai tsawo, ta kira sunanta. Shi ke nan kiran da ta taɓa yi. Ya adana muryar, ya ce sai yarinya ta yi wayo.

Da zafi ya shigo, aka buɗe ajin yara a unguwarsu. Wata malama mai kirki tana koya musu Italiyanci da kayan bazara: ta yanka kankana su faɗi sunanta, ta zuba yashi a faranti, su saki jirgin takarda a bahon ruwa suna waƙar rana da teku. Yarinya ta dawo da yashi a gashi da sababbin kalmomi a baki. Uban, da ya sha wulakanci a gona saboda harshensa ya ƙi lanƙwasa, ya ji daɗi har ransa. Ba malamar ce ta sa shi ba, shi ya yanke: daga yau ba Hausa a ɗakin nan. Ta ce ruwa, ya yi kamar bai ji ba, sai ta faɗa da Italiyanci. Bazara ta wuce, wata ta zo, wata ta bi ta. Da ya ga ta yi wayo, ya zaunar da ita a cinyarsa, ya kunna mata saƙon uwarta. Murya ta fito, siririya, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. Yarinya ta ji sunanta, ta ɗago kai. Ta saurara har ƙarshe tana lasar ruwan kankana a yatsa, sannan ta dube shi, ta tambaya da Italiyanci tsantsa: "Baba, wace ce wannan matar? Me take so?"

Uban ya ajiye wayar. Ya buɗe baki zai fassara mata, ya tarar nasa Italiyancin na kwando ne da awo da "to, maigida". Ba shi da kalma ko ɗaya da za ta ɗauki abin da uwar ta faɗa. Yarinya ta gaji da jira, ta zame daga cinyarsa, ta koma wajen jirginta na takarda.

Shi ne Hausawa ke cewa garin neman gira an rasa ido.