Facin Keken 'Yar Kawuna

Da malamin ajinmu ya kira 'yar kawuna a matsayin ta ɗaya, ni ta biyu, sai na ji tafin da ake yi kamar mari.

Keke gare ta, ja, mai ƙararrawa. Ni kuwa a ƙasa nake tafiya, in tsallake rafi, in ratsa gonaki, in isa makaranta ƙafa buɗu-buɗu. Abin da na fi ta shi ne karatu, domin a hanya nake haddace darasi da ƙarfi, kowane taku da jimlarsa. Ita kuwa rainon ƙanne ba ya barin ta buɗe littafi a gida.

A zangon nan kekenta ya fara ba ta wahala. Kusan kullum tana bayana tana tura shi. Har cikin raina na ji daɗi.

"Gimbiya, yau ma dokin ƙarfen ya ƙi?" nakan ce mata.

"Faci ne, Yaya, zan kai gyara in an tashi. Ki ci gaba da karatunki."

Sai in ƙara ɗaga murya, don ta ji abin da kuɗin ubanta bai saya mata ba.

Ranar da aka faɗi sakamakon, bayan an watse, na same ta inda take jingine keken, rungume da kyautarta. Ta kasa haɗa ido da ni. Na sunkuya na danna tayar baya da babban yatsa, na danna ta gaba.

Dukansu tauri gare su kamar dutse, kuma babu tabon faci ko ɗaya.