Mai Kai Magani Ƙauye

Jandarma ya ɗaga hannu a bakin gadar Binuwai, Dawuda ya taka birki har akwatin da ke ɗaure a babur ɗinsa ya buge shi a gadon baya. An tare hanya. Wai masu tattaki za su wuce.

Ga su nan tafe daga cikin Garwa, da fararen riguna iri ɗaya da gorunan ruwa, suna ɗaukar kansu hoto. Attajiran gari ne suka ɗauki nauyin tafiyar. Abin da aka tara, magani za a saya da shi a raba kyauta a ƙauyukan bayan garin Ngong.

Dawuda ya tofar da yawu. Ƙauyukan bayan Ngong! Cikin waɗannan masu takalman roba wa ya taɓa taka su? Shekara da shekaru shi ke bin hanyar nan da akwatinsa na sayar da magani. Damina ya tura babur cikin taɓo, bazara rana ta gasa masa ƙeya. Inda motar asibiti ba ta taɓa zuwa ba, shi ya je. Tsofaffi can dokta suke ce masa. Yau kuma an wayi gari wasu sun sa riga sun zama masu ceto.

Abdulbaƙi mahauci, maƙwabcinsa, ya matso da nasa babur ɗin da ɗanyen nama a kwando.

"Malam Dawuda, ai kai ya kamata a sa gaba a tafiyar nan."

"Ni ba na aikin a gani," in ji Dawuda, bai ko kalle shi ba.

Sai lasifika ta kama. Wata mata ce siririya ke tafe a sahun farko, riƙe da hoton wata yarinya. Ya gane ta tun kafin ta buɗe baki. Nafisatu ce, daga wani ƙauye can bayan dutse. Yarinyar kuma Hassana, wadda ke fitowa da gudu in ta ji ƙarar babur ɗinsa.

"Zazzaɓi ne ya kama ta," in ji Nafisatu ta lasifikar. "Na sayar da akuyata na sayi magani. Ta shanye shi duka, jikin bai sauka ba. Da muka kai ta asibiti a Garwa aka ce mun makara."

Dawuda ya ja hularsa ƙasa ya kau da kai wajen kogi. Tun rasuwar nan bai sake taka ƙauyen ba. Dubi yadda suka jawo baiwar Allah tsakiyar titi suna kasuwa da hawayenta! Ba su san ta ba, ba su san 'yarta ba. Gobe su cire riguna su koma ofisoshinsu masu sanyi.

Jagoran tafiyar ya karɓi lasifikar. Ya ce motocin magani za su tashi kafin ƙarshen wata, da ma'aikatan lafiya, gida gida, kuma za su duba duk wani magani da suka tarar a hannun mutane.

Dawuda bai jira ƙarshen jawabin ba. Ya juya babur ya bi ta lungu, yana zagin duk wanda ya gifta masa. A gida matarsa Fa'iza ta tambaye shi ko ya fasa tafiyar ne, ya daka mata tsawa, ya shige ɗakin baya ya danna sakata.

Kafin ƙarshen wata. Ke nan kasuwar da ta rage masa 'yar kaɗan ce, dole kaya su fita da wuri. Ya jawo buhun garin rogo, ya ci gaba da ɗura shi cikin kafson maganin zazzaɓi.