Hannun Rabi

Amalanken jaki ne ya goge motar Baba a kasuwar Magariya, ƙaramar fitilar gaba ta fashe. Da la'asar ya ɗaga kapo, murfin injin, a ƙofar gida, don gobe yana da lodi zuwa garin Mallawa, kuma jandarmomi ba sa ƙyale mota mai ido ɗaya.

Lungun da ake murɗa ampul, wato ƙwan fitilar, matsattse ne, hannun babba ba ya shiga. Aikina ne tun da na yi wayo. Ranar na zura hannu, ya maƙale. Na ƙara turawa har ƙarfe ya karce ni.

"Bari, uwata, hannunki ya yi girma," in ji Baba. "Kira mini Rabi."

Ƙanwata ta zo da ƙuli-ƙuli a baki. Ya ɗaga ta, ta murɗa, fitila ta kama. Ya ba ta fasasshen murfin fitilar mai ruwan lemo, wanda na sa wa rai tun safe. Ta kara shi a ido, wai duk gari ya zama magariba.

Yanzu Rabi har da jikoki. Amma in ta miƙo hannu mu gaisa, sai na auna shi da nawa.