Yaɓen Rufin Tsohon Soro

Shin ginin ƙasa tsufa ne ke kashe shi, ko rashin mai hawa kansa? Har yau ban sani ba.

Jiya aka ce za a rushe tsohon soron unguwarmu a Faskari, a gina shaguna. Da can wurin shari'a ne, ya koma makaranta, yanzu awaki ke kwana ciki. Maigidana ya rasu, ƙafafuna sun gaji, ba mai jin tawa. Kuka kawai na yi.

Ina yarinya, mahaifina, Baba magini, ya ɗora ni kan rufin gab da damina, don azarar ba ta ɗaukar nauyin babba. Yana kan tsani yana miƙo mini kwaɓin ƙasa da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ina cusawa cikin tsaga. Warin makubar nan har yanzu yana hancina.

"Danna sosai," in ji shi. "Ruwa ɓarawo ne."

Da aka kira la'asar ya miƙo hannu, na ji tafinsa da zafin zazzaɓi. Zazzaɓin nan ne ya tafi da shi, bayan ranar ban ƙara jin muryarsa ba.

Maganarsa ta ƙarshe gare ni ita ce, "Sauko a hankali, Uwani. Gefen gabas sai gobe."